Shekarar da Aka Sa Tarago a Buhu

Ishaku, Alheri, Godiya, ku karanta wannan wasiƙar har ƙarshe kafin wani a cikinku ya ɗaga waya ya kira ni. Na gaji da maganar waya, domin da na fara sai a katse ni da, "Momi, ai ya wuce." Bai wuce ba. Kirsimetin bara ina tsakar gida ina yanka albasa, tagar kicin a buɗe, na ji ki ke Alheri kina gaya wa matar wanki cewa ni na raba gidan nan saboda kare, wai Dadi ya mutu bai ga ɗan'uwansa ba saboda kare. Ban ce miki komai ba ranar, don akwai baƙi, kuma ranar haihuwar Ubangiji ce. Shekara huɗu ke nan kuna riƙe da wannan magana a cikinku, kuna gaishe ni da ita, kuna aiko mini da shinkafa da ita, ba wanda ya taɓa zama ya ce, "Momi, me ya faru?" To, tunda kun ƙi tambaya, ga amsar ba ku roƙa ba.

Kun san shekarar da shanyewar ɓarin jiki ta kama babanku, amma daga nesa kuka san ta. Kun zo asibiti, kun yi kuka, kun sayi magani, kun koma wuraren aikinku, ban kuma ga laifinku a nan ba. Ni ce na dawo da shi gidanmu na Kafanchan, hannun dama a mace, ƙafar dama yana ja, baki a karkace, magana ta ɗauke. Mutumin da ya ƙare ƙarfinsa a aikin jirgin ƙasa, wanda in ya yi kira daga wannan ƙarshen tasha ana jinsa a wancan, ya koma nuna kofin ruwa da ido. Ni da na tsufa a aikin jinya da karɓar haihuwa na san abin da ya kamata a yi: a motsa gaɓoɓi, a tsayar da shi, a sa shi taku ko uku ne a rana. Babanku ya ƙi. In na kama mataccen hannun zan motsa, sai ya ture ni da mai lafiyar. Wata huɗu yana zaune a baranda yana kallon bango. A wata huɗun nan wansa, Baba Dogara, wanda kuke cewa na raba su, sau biyu ya tako daga Madakiya. Zuwan farko ya ci tuwon acha ya yi barci a falo. Zuwa na biyu ya tambaye ni ko babur ɗin ƙanensa haka zai yi ta zama a ɗaki yana tsatsa. Na ɗauko makulli na ba shi. Ku riƙe wannan.

Ana cikin haka kai Ishaku ka zo daga Abuja wata Juma'a, da kwali a kujerar mota. Ka buɗe, sai ga wani abu ja-ja, jiki dogo kamar an ja shi, kunnuwa suna share ƙasa, ƙafafu ba su kai tsawon yatsana ba.

"Momi, na kawo wa Dadi aboki."

"Ishaku, wannan kare ne ko gafiya?"

"Kare ne, Momi. Dakshun ake ce wa irinsu. Haka Allah ya yi su, ko ya girma ƙafar ba ta ƙaruwa sosai."

"Ka ga ina wanke babanka, ina juya shi, ina ba shi abinci a baki, sai ka duba ka ga abin da ya rage mini a duniya shi ne kashin kare?"

Ka yi dariya, ka bar mini takarda mai dokokin kula da shi, ka koma ranar Lahadi bayan sujada. Ranar na zage ka a zuciyata zagin da uwa ba ta faɗa da baki. Kuma ban janye ba: ba a kawo wa mai ɗauke da tulu wani tulun a ce kyauta ce. Ɗan kwikwiyon nan sati takwas ne da haihuwa, bai san komai ba sai ɓarna. Ya yi fitsari a kan tabarmar falo, ya cinye kan takalmina na zuwa majami'a, ya tone mini kunyar alayyafo har sau uku, don irinsu haƙa a jininsu take. Na ɗauke shi a keke napep zuwa wurin likitan dabbobi aka yi masa allurai, har da ta haukan kare, aka ba ni maganin tsutsar ciki, mata a layi suna kallona suna ƙunshe dariya. Damina ce, kaska ta yi yawa, kullum da yamma sai na baje shi a cinya na bi bayan kunnuwan nan da tsakanin yatsu ina cirewa. Abincinsa shinkafa da busasshen kifi da na cire wa ƙaya, da ƙwai ɗaya dafaffe, kuma da awo, domin likitan ya ce in ya yi ƙiba bayansa ne zai biya. Ya ce mini duk rayuwar irin karen nan a gadon bayansa take: kada ya yi tsalle daga kujera, kada ya hau matakala, in za a ɗaga shi a sa hannu ɗaya a ƙirji ɗaya a ƙugu. Na sa kafinta ya buga katako a kan matakalar baranda ya zama gangare saboda shi. Duk ina yi ina mita. Babanku kuwa ko kallonsa ba ya yi, duk da cewa da sanyin ruwa ya sauko sai abin ya lallaɓa ya shige ƙarƙashin bargon da ke ƙafarsa.

Wata safiya ina shanya citta a tsakar gida na ji wani irin sauti daga baranda, kamar mutum ya shaƙe. Na yar da tire na ruga. Na iske kwikwiyon ya cire wa babanku silifa, ya kama ta da baki yana ja da baya da baya, dogon jikin nan yana lanƙwasa a kan gangaren katako. Babanku kuwa kafaɗarsa na rawa, hawaye na zuba. Dariya yake yi. Ya ɗaga hannun hagu ya nuna shi, bakin ya yi ta kokawa, ya yi ta kokawa, sannan ya fito da ita guntu-guntu.

"Ta… ra… go."

"Me ka ce, Baban Ishaku?"

"Tarago."

Kalmar farko ke nan cikin wata biyar. Ba sunana ya kira ba, ba na ɗayanku ba, ba na Yesu ba ma, Allah ya gafarta mini. Taragon jirgi ya gani yana ja da baya. Na zauna a ƙasa a wurin na yi kukan da ban yi a asibiti ba. Daga ranar karen ya sami suna, ni kuma na sami abokin aiki. Tarago ya koyi zuwa bakin get kowace safiya ya yi ta haushi, da murya wadda ta fi jikinsa sau goma, sai an fita da shi. Na ce wa babanku ni ƙafata na ciwo, in yana so karensa ya yi shiru ya tashi ya kai shi. Ƙarya na yi, kuma ban tuba ba. Ya tashi. Sanda a hannun hagu, igiyar kare na zarga masa a wuyan mataccen hannun, ni ina gefen da ba ƙarfi. Satin farko get kawai muka kai. Sannan gindin mangwaron maƙwabta. Fizgar da karen ke yi ta sa yatsun da na yi wata huɗu ina roƙo suka fara dunƙulewa da kansu. Kafin kaka muna kaiwa tsohon layin dogo mu dawo, 'yan acaɓa na tsokanarsa suna cewa, "Baba, ina ka bar sauran ƙafan shi?" shi kuma yana ɗaga musu sanda yana cewa, "Tasha." Kalmominsa sun kai ashirin, ya kuma fara koyon rubutu da hagu. Duk wannan kun ji shi a waya, kun ce, "Mun gode Allah." Ni na gan shi taku bayan taku.

Sai Baba Dogara ya zo karo na uku, a kan babur ɗin babanku, ya goyo wani mai addu'a da farar riga har ƙasa da ƙararrawa a hannu. Ban san mutumin ba, ba na wata ikilisiya da na sani ba ne. Na ba su kujera, na ba su kunu, don ni ba a ƙin addu'a a gidana. Mutumin ya kaɗa ƙararrawa, Tarago ya fito daga ƙarƙashin kujera yana haushi. Sai mutumin ya yi tsalle da baya ya nuna shi.

"Ga shi nan! Wannan ba kare ba ne. Ku duba ƙafan shi. An ɗauki tafiyan mutumin nan an kulle a cikin abin nan. Sai an fitar da shi an binne shi da rai a bakin rafi, in ba haka ba, ba zai warke ba. Kuma wanda yana ba shi ƙwai ya san abin da yana ciyarwa."

Kun ji ƙarshen maganar? Ni ake nufi. A cikin gidana, da kununa a cikinsa, ya kira ni mayya. Na dubi Baba Dogara in ga ko zai tsawata masa, sai na ga yana gyaɗa kai.

"Matarmu, ki yi haƙuri, amma mutane suna magana a gida. Ba mu taɓa ganin irin wannan abu ba. Kare yana kwana a bargo, yana cin ƙwai, ɗan'uwana kuma ba ya magana sai da shi."

"Baba," na ce, "ciwon ya riga karen zuwa da wata huɗu. Hawan jini ne, wanda ƙanenka ya ƙi shan maganinsa shekara da shekaru, kai kuma duk zuwansa Madakiya kana cika masa ƙwarya da burkutu kana ce masa maganin bature ne ke kashe mutane. 'Ya'yanka biyar a hannun nan nawa suka faɗo duniya. Na uku da cibiya a wuya ya zo, ni na kwance ta. Ranar ba ka ce mayya ta taɓa maka ɗa ba."

Na karɓe kofunan na buɗe musu get. Babanku yana zaune, ya danne Tarago a ƙirji da hannun hagu, yana ta ƙoƙarin magana ta ƙi fita. Wansa ya gan shi a haka. Ina so ku san ya gani.

Ranar Alhamis ta sati na gaba na tafi asibiti karɓo maganinsa. Kowa a dangi ya san ranar da nake zuwa. Na bar shi a baranda da ruwansa da karensa, na ja get ban sa kwaɗo ba, don maƙwabciyarmu Maman Talatu takan leƙo shi. Layi ya yi tsawo, sai wajen sha ɗaya na dawo. Tun daga kwana na hango get a wangale. Babanku yana kwance a ƙasa a waje, a cikin taɓon kwata, sandarsa can gefe, gwiwoyinsa sun ɗaye, wandonsa a jiƙe da fitsari, Maman Talatu tana ta fama ta kasa ɗaga shi. Ita ta gaya mini. Ta ji ihun kare ta fito, ta ga Baba Dogara ya kamo shi ta ƙafar baya, ya cusa shi a buhun taki, ya ɗaure baki, ya wurga a bayan babur ya ja roba ya matse. Babanku ya taso shi kaɗai, ya sauko gangaren, ya bi su har waje yana kiran sunan wansa. Sunan da bai taɓa iya faɗa ba tun da ya kwanta, ranar ya faɗe shi sarai, sau uku. Baba Dogara ya waiwayo, ya ga ƙanensa ya faɗi, ya tayar da babur ya tafi.

Ki sake karanta wannan layin, Alheri. Ya waiwayo, ya gani, ya tafi. Sannan ki gaya mini saboda kare ne.

Muka ɗaga shi, na wanke shi, na ɗaure raunukan, na duba ƙugunsa na ga bai karye ba amma ya bugu ƙwarai. Bai yi kuka ba. Ya kama zanena ya ce, "Je." Maman Talatu ta ce ba hanyar Madakiya babur ya bi ba, hanyar kasuwar aladu ya bi, kuma ranar kasuwa ce. Nan na gane. A gefen kasuwar akwai masu sayen karnuka suna lodawa a mota. Na bar mata babanku na hau acaɓa, ni da na yi shekara goma ban hau ba saboda gwiwa. Na bi kejin waya ɗaya bayan ɗaya, cikin wari da kukan aladu, ina kiran suna kamar mahaukaciya, har na ji wannan babbar muryar ta amsa daga can ƙasa. Yana ƙarƙashin manyan karnuka huɗu, sun tattake shi. Da mai kejin ya zaro shi ya ajiye a ƙasa, sai ya taho wurina da ƙafafun gaba kawai, na baya suna jan ƙasa kamar tsumma.

"Mama, naki ne?" in ji mutumin. "Ɗauki abinki. Dama cuta na aka yi, ba nama a jikin shi, ga shi ya karye. Tsohon da ya kawo shi yana can rumfa."

Ba bakin rafi aka kai shi ba. Ba a binne komai ba. Mutumin da ya ce ran ƙanensa yake ceto, da ya fita da abin da ya kira mugun ruhu, kasuwa ya kai shi ya sayar. Na tarar da shi a rumfar burkutu, ƙwarya a hannu, babur ɗin babanku a jingine. Yanzu zan faɗi abin da na yi, domin ba wanke kaina na zo yi ba. Ina rungume da kare a hannu ɗaya, na sa ɗaya hannun na tuɓe hular da ke kansa, dattijo mai furfura, wan mijina, a gaban mutanen kasuwa, na jefa ta cikin taɓon aladu, na taka. Na gaya masa da yarenmu, don kowa a rumfar ya ji, cewa ya bar ɗan uwarsa kwance a kwata ya zo shan giya da kuɗin ƙafarsa. Na ce in akwai maye a danginmu, ga shi nan riƙe da ƙwarya. Na zare makullin babur na tafi da shi. Na san abin da cire wa babba hula yake nufi a wurinmu, ba a ƙauyen wani aka haife ni ba. Wannan nawa ne, na ɗauka, na kuma faɗa a gaban dattawan ikilisiya da bakina. Amma da za a mayar da ni rumfar nan yau, ban yi muku alkawarin hular za ta tsira ba.

Likitan dabbobi ya ce ƙashin bayan ne ya goce ya danne laka. Ya ce ko ya tashi ko kada ya tashi, abin da za a yi shi ne a tsare shi a wuri ƙarami sati shida ba motsi, ga magani. Na mai da tsohon akwatin kayan aikin babanku gadon Tarago, na shimfiɗa tawul. Sau huɗu a rana ina matsa masa mara ya yi fitsari, ina juya shi, ina murza masa ƙafafu, in gama in wanke hannu in koma kan babanku in yi masa kusan irin wannan. Majinyata biyu, ni kaɗai, ina da shekara sittin da bakwai. A lokacin kai Ishaku ka ce a waya, "Momi, ki bari kawai, zan kawo wani." Kamar kofi ne ya fashe. A sati na biyar na ga wutsiyar ta motsa. A na bakwai ya miƙe, yana tangaɗi, har yau kuma a karkace yake tafiya. Shi ya tashi. Babanku ne bai tashi ba. Ƙugun ya warke, amma bai sake yarda ya wuce get ba. In na kawo sanda sai ya dubi wurin da ya faɗi ya kau da kai. Layin dogo, mangwaro, 'yan acaɓa, duk suka ƙare a ranar Alhamis ɗin nan. Ƙafar ta koma ta sandare, hannun ya sake mutuwa, ina kallo, na san sunan kowane mataki na lalacewar, ba abin da zan iya.

Yanzu ga abin da ba ku sani ba. Bayan wata biyu fasto da dattawa biyu suka kawo Baba Dogara don a sasanta. Suka tsaya a get, na shiga ɗaki wurin babanku. Zuciyata na tafasa, amma na ce masa gaskiya.

"Baban Ishaku, wanka ne a waje, tare da fasto. Jininka ne. In ka ce ya shigo, zan kawo masa kujera da ruwa, ba zan ce uffan ba."

Ya nuna biro. Na ba shi, da bayan takardar maganinsa. Ya yi kusan minti goma yana rubutu da hagu, gumi na zuba. Kalma uku ne: Kada ya shigo. Na ce ya sake tunani. Ya buga takardar da yatsa, ya ce, "Rufe."

Na fita na ce musu, "Ni na ce ba zai shigo ba." Fasto ya ce, "Mama, mai gidan fa?" Na ce mai gidan ba shi da lafiya, ni ce mai magana. Sau uku aka zo a cikin shekarar da ta rage masa, sau uku ina shiga ina tambayarsa, har da satin da ya rasu, sau uku yana ba ni amsa ɗaya, sau uku ina fita ina cewa ni ce. Me ya sa? Domin na san mutanenmu. Da na ce shi ya ƙi, rabi za su ce na shanye shi, rabi za su ce ya mutu da gaba da ɗan'uwansa, su yi ta jan maganar har kan kabarinsa. Ni kuwa an riga an ba ni suna, ƙarin ɗaya ba zai kashe ni ba. Na so a binne shi a cikin danginsa da mutunci, a ce mutumin kirki ne da ya auri muguwar mata. Haka kuwa aka ce. Ranar jana'iza a Madakiya matan gidan suka ƙi taɓa abincin da na dafa, tukunya uku aka juye wa aladu. Matan da na karɓi haihuwarsu suka riƙa janye jikokinsu in na wuce. Na shanye wannan, don na san farashin tun kafin in saya. Abin da ban sa a lissafi ba shi ne ku. Ban zaci 'ya'yan da na haifa za su ji maganar ƙauye su ɗauka, su zo su zauna a falona suna kallon karen ubansu kamar shi ya kashe shi ba. Godiya, ke har ƙafa kika sa kika ture shi ranar da muka dawo daga jana'iza. Na gani. Takardar da ya rubuta tana nan cikin Littafi Mai Tsarki na babanku, a Zabura. Kun san hannunsa ko da na hagu ne. Duk wanda ya zo ya buɗe ya gani, kada ya tambaye ni komai.

Na san dalilin da maganar ta sake tashi. Baba Dogara ya kwanta, irin ciwon ƙanensa, kuna ta turo mini saƙo cewa in je in nemi gafara kafin lokaci ya ƙure. Fasto ma ya ce in gafarta. Na ce masa ina kan hanya, ban kai ba, kuma Ubangiji ya san ba na yi masa ƙarya. Gafara ba zan nema ba, ban da ta hula, ita ma na riga na biya. Amma Maman Talatu ta je ta dawo ta ce mini bayansa duk ya ɓare da gyambo, ba wanda ya san yadda ake juya shi, mai farar riga kuma tun da aka daina ba shi kaza bai sake leƙowa ba. Wannan ne ya tsaya mini a rai. Ba ƙauna ba ce, kada ku yi saurin murna. Ni dai ban taɓa jin an bar majinyaci yana ruɓewa a kan katifa na zauna ba, ko wane ne shi.

Saboda haka, Ishaku, ka zo da mota ranar Asabar da safe. Ka sayo auduga da bandeji da safar hannu, sauran ina da su. Ku biyun ma ku zo, in koya muku yadda ake juya mutum, tunda wata rana ni za ku juya. Ka sa matashi biyu a kujerar baya, ka kuma bi ramukan hanyar Madakiya a hankali, don bayan Tarago ba ya son jijjiga, ni kuwa ba na barinsa a gida da get a buɗe. In mun isa, wan babanku ya tambaya su wa suka zo wanke masa gyambo, kada kowa ya rage masa komai. A ce masa mayyar ce, da karenta.